Yayyafin ƙarshen hunturu: damina ce ta yi sallama, ko zafi ne ke tafe?

Habibu, Gwagwalada

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Daren jiya, bayan an idar da sallar isha'i da kamar sa'a guda, muka ji ɗigo a kan kwanon ɗaki, kuma ba mu gaskata ruwa ba ne sai da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ta taga. Yayyafi ne wanda bai cika minti ashirin ba, ko indararo bai zubar ba, iyakar abin da ya yi shi ne ya bar tabon laka a gilashin motocin da ke ajiye a bakin titi. Da gari ya waye ƙasa ta bushe kamar ba a yi komai ba, amma da hantsi ya yi sai aka shiga wani zafi mai sa gumi wanda rabonmu da irinsa tun watan Oktoba.

Hasashen yanayin da na saurara a rediyo da safen nan ya ce hazo zai ci gaba da raguwa, sanyin asuba zai yi sauƙi, zafin rana zai riƙa ƙaruwa kwana bayan kwana, sannan ana iya samun yayyafi nan da can a jihohin tsakiyar ƙasa. Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne, kawuna da ke noma a wajen Kauru ya kira ni yana murna, ya ce bana damina da wuri za ta sauka, in hanzarta in aika masa da kuɗin iri da taki, domin in aka ƙara ruwa ɗaya a watan Maris zai zuba masara. Ni ma'aikacin ofis ne, ban san kan gona ba, kuma kuɗin ba su da yawan da zan so a binne su a banza. Ina roƙon waɗanda suka san abin su yi mini bayani.

Alhaji Ɗanladi, Kura

Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Ku a can kuna maganar yayyafi, mu a nan ko gajimare ba mu gani ba, kuma a cikin hasashen nan ba ruwan ne ya tsaya mini a rai ba, ƙaruwar zafin ce. Mu da muke noman alkama da ruwan dam ɗin Tiga, sanyin hunturu shi ne rabin jarinmu. Wanda ya yi shuka a tsakiyar Nuwamba, yanzu alkamarsa ta kusa nuna, zafin ba zai yi masa wata ɓarna mai yawa ba. Amma da yawa daga cikinmu sai da muka jira aka girbe shinkafa, aka samu mai huɗa, aka harhaɗa kuɗin taki, ba mu sa iri a ƙasa ba sai da Disamba ta yi nisa.

Jiya da la'asar na shiga gonata na tsinko kai ɗaya, na matse ƙwayar da farce, sai farin ruwa kamar nono ya fito, wato tana tsakiyar cika ke nan. A daidai wannan gaɓa, idan dare ya daina sanyi kuma iskar rana ta yi zafi, alkama takan yi gaggawar bushewa kafin ta gama cika, ka gan ta jawur daga nesa ka yi farin ciki, sai ranar sussuka ka tarar da ƙwaya a motse, buhu ya cika amma ba nauyi. Abin da ya rage mana shi ne mu matso da kwanakin ban ruwa, mu riƙa yi da yamma ko da sassafe. Masu tumatir a Kadawa da Garun Malam su ma sun san abin da ke gabansu, domin da zarar zafi ya kankama fure yakan kaɗe, kwandon da ake roƙon mai saye ya ɗauka a Janairu sai ya zama abin nema. Game da kawunka kuwa, ni dai da ɗan'uwana ne, da na ce ya saya irin ya ajiye, amma kada ya kai shi gona.

Malam Nura, Zariya

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya. Ina koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, kuma zan yi ƙoƙarin bayyana dalilin da ya sa yayyafin Gwagwalada da zafin Kura duk abu ɗaya ne ya haifar da su.

Iska biyu ce ke kokawa a kanmu duk shekara. Ta farko busasshiya ce, daga arewa maso gabas take tahowa ta ratsa Sahara, ita ce ke kawo hunturu. Yawancin ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele ne a arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da ƙarfi ta kwashi garin ƙasa. Ta biyu kuwa daga kudu maso yamma take zuwa, ta kan tekun Atlantika, ɗauke da laima. Inda suka haɗu akwai wata iyaka da masana ke bibiya a taswira. A Janairu iyakar tana can kusa da gaɓar teku, daga nan sai ta riƙa hawowa arewa sannu a hankali tana bin rana, har a watan Agusta ta wuce Agadas. Sai dai ba miƙe take tafiya ba, takan yi gaba kwana uku ta ja da baya kwana biyar, musamman a Fabrairu da Maris.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, ruwan kirki ba a kan iyakar yake sauka ba, sai can bayanta da ɗaruruwan kilomita ta kudu, inda iskar mai laima ta yi kauri sosai har take iya haɗa hadari. A bakin iyakar laimar siririya ce, busasshiyar iska na kwance a samanta, shi ya sa abin da ake samu bai wuce gumi da gajimare da ɗan yayyafi ba, wani lokaci ma ɗigon kan bushe a sama kafin ya iso ƙasa. Abin da ya faru a Gwagwalada ke nan, iskar teku ta leƙo ne kawai, kuma ba abin mamaki ba ne a wayi gari nan da mako guda hazo ya dawo.

Zafin kuma ga dalilinsa. Wajen 21 ga Maris rana take daidaita a tsakiyar duniya, daga nan ta nufo mu, a tsakiyar Afrilu tana tsaye cak a kan Abuja da tsakar rana, bayan kamar mako guda kuma a kan Kano. Ƙurar da ke tare mana haskenta ta janye, girgijen damina bai zo ba, ƙasa a bushe take ba ruwan da zai sanyaya ta. A Kano, daren Janairu yakan sauka zuwa wajen digiri 13 a ma'aunin Salshiyos, amma a Afrilu zafin rana yakan kai 38 ko 39, kuma sau da yawa ya haura 40, balle Sakkwato da Maiduguri. Ita laimar nan da ta leƙo ma ƙara wahala take yi, domin tana riƙe zafi da dare, ta hana gumi bushewa a jiki.

Issufu, Maradi

Ina gaida Malam Nura, bayanin ya fito sarai. Mu a nan Nijar tun muna makaranta aka koya mana cewa irin wannan ruwa na Maris da Afrilu ana kiransa ruwan mangwaro, saboda yana faɗowa lokacin da mangwaro ke nuna, kuma ba wanda ke lissafa shi cikin damina. Daminarmu ta gaskiya a jihar Maradi sai Yuni, a shekara mai kyau ƙarshen Mayu.

Ina so in ƙara da cewa ɗan ruwan nan yana iya zama ɓarna, ba albarka kaɗai ba. Manomanmu da yawa suna yin binne, wato su shuka hatsi a busasshen rairayi kafin ruwa ya zo, don su riga aiki. Iri yana iya kwanciya makonni a busasshiyar ƙasa bai lalace ba, in dai ɓera da tsuntsu ba su tone shi ba. Amma idan aka yi ruwan da ya jiƙa ƙasa rabin ɗan yatsa sannan aka ɗauke, sai irin ya farka ya tsiro, rana ta ƙone shi cikin kwana huɗu ko biyar. Na ga wannan a gonar mahaifina, layi layi na tsiro sun yi fari sun kwanta kamar zare, muka koma kasuwa muna sayen iri tiya tiya a lokacin da ya fi tsada. Makiyaya ma ba sa murna da shi, domin busasshiyar ciyawar da dabbobi ke dogaro da ita har damina, idan ruwa ya taɓa ta takan yi baƙi ta ruɓe, ga shi sabuwa ba ta fito ba.

A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa da noma, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974 bayan babban farin da aka sha, kuma hasashen damina na yankin Sahel da take haɗuwa da sauran masana su fitar, sai wajen ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu yake fitowa. Tsofaffinmu kuwa shamuwa suke jira. Ranar da aka ga ta sauka a kan tsamiyar bakin kasuwa tana jan kirare, ranar ake fara gyara kalme da gaske, kuma har yau ba mu gan ta ba.

Baba Mai Tasbaha, Sakkwato

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Jikana ne ke rubuta mini wannan. Na ji ana ta maganar taswira da rediyo, to mu da muka taso ba mu san su ba, amma ba a cikin duhu muke noma ba. Mahaifina yana da wata takarda a gafakarsa mai lissafin taurari ashirin da takwas, kowane yana da kwana goma sha uku, kuma da ita yake gaya wa mutanen unguwa inda shekara ta kai. Ƙarshen ɗari taurarin Sa'adu ne guda huɗu, na ƙarshensu Sa'adul Ahbiya, wanda yake cewa a cikinsa macizai da kunamu ke fitowa daga ramukansu domin ƙasa ta fara ɗumi, sai ya hana mu yawo ba takalmi da dare. Daga nan a shiga bazara, a wuce Surayya, wadda muke kira kaza da 'ya'yanta, kafin a kai ga su Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha, inda ruwa yake zama. Duk wanda ya ga yayyafi a Sa'adu ya ɗauki iri, dariya ake yi masa.

Saboda haka ni da malamin makaranta ba mu saɓa a kan kawun yaron nan ba. Inda nake da ja shi ne wannan hasashe na kullum da ake karantawa. Sau nawa aka ce gobe za a yi ruwa aka wayi gari rana tsaka? Kuma zuciyata ba ta natsu da mutum ya zauna a ofis ya ce ga abin da sama za ta yi jibi ba, alhali saukar da ruwa na Allah ne shi kaɗai.

Ustaz Abu Maryam, Kaduna

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Maganar Baba ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ayar ƙarshe ta Suratu Luƙman ta ambaci saukar da ruwa cikin abubuwan da suka keɓanta ga Allah. Amma da izinin Baba zan ce, idan hasashen rediyo abin tsoro ne ta wannan fuska, to lissafin taurari ya fi kusa da wurin da aka yi gargaɗi a kansa. A hadisin Zaidu ɗan Khalid al-Juhani da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da asuba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa wanda ya ce an yi mana ruwa da falalar Allah da rahamarsa shi ne mai imani, wanda kuwa ya jingina ruwan ga tauraro kaza ya kauce.

Malamai, cikinsu har da Imam Shafi'i, sun rarrabe tsakanin mai cewa tauraro ne ya kawo ruwa da mai nufin cewa a lokacin tauraro kaza Allah ya saba saukar da shi. Na biyun lissafin lokaci ne kawai, kuma na tabbata shi mahaifin Baba yake yi. To haka ma mai duba iska da laima da na'ura, alamu yake karantawa, kamar yadda uwar gida ke ganin hadari ya haɗo daga gabas ta ce a kwashe shanya. Ba ta yi da'awar sanin gaibu ba, kuma wani lokaci hadarin ya watse ba a yi ko ɗigo ba.

Baba Mai Tasbaha, Sakkwato

Allah ya gafarta Malam, na karɓi wannan gyara, kuma haka mahaifina yake nufi, domin bai taɓa ambaton tauraro ba sai ya haɗa da in Allah ya so. Amma tambayata ta farko tana nan, ba a amsa mini ba.

Habibu, Gwagwalada

Ni ma ina bayan Baba a wannan tambaya. Bara a watan Afrilu na tara magina za mu zuba rufin kankare a ɗan ginin da nake yi, sai wata manhaja a wayata ta nuna yiwuwar ruwa kashi 60 cikin ɗari. Na ɗage aikin, na biya leburori kuɗin mota suka koma, aka yini ana rana kamar za ta fasa kai. Da yamma abokina da ke Kuje ya kira ni ya ce su ruwa ya hana su fita. Tun daga ranar na rasa yadda zan ɗauki irin waɗannan alƙaluma.

Malam Nura, Zariya

Baba, ka yi mini afuwa, ga amsar gwargwadon abin da na sani, kuma labarin Malam Habibu ya sauƙaƙa mini ita. Ruwan farkon shekara ba shimfiɗa yake yi ba, hadari ne ɗaya ɗaya mai faɗin 'yan kilomitoci, ya jiƙa wannan gari ya tsallake na kusa da shi. Mai hasashe yana iya gane cewa yau iska ta isa haɗa hadari a yankin Abuja, amma ba shi da ikon cewa a kan Kuje hadarin zai tsaya ba a kan Gwagwalada ba. Kashi 60 ɗin nan ma'anarsa ita ce, a cikin ranaku goma masu irin wannan yanayi, wajen shida akan samu ruwa, huɗu kuma ba a samu. Ga kuma ƙarancin tashoshin auna yanayi a ƙasashenmu idan aka kwatanta da faɗin ƙasar, sannan yawancin manhajojin waya lissafin kwamfuta ne daga ƙasashen waje, ba wani mutum da ya san Gwagwalada da ya duba shi. Amma a lura, hasashen zafi ya fi na ruwa tabbas nesa ba kusa ba, domin zafi yanki guda yake rufewa gaba ɗaya. Idan aka ce mako mai zuwa zai fi wannan zafi, da wuya a ga akasin haka.

Game da shuka kuwa, masu binciken noma a cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai sun daɗe da fitar da wani ma'auni mai sauƙi ga yankin Sahel. Ba a cewa damina ta sauka sai an samu aƙalla milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi tsayawar ruwa ta fiye da kwana bakwai a cikin kwana talatin da suka biyo baya ba, sannan ba su ma fara ƙirga ba sai daga 1 ga Mayu. Kauru ta fi Sahel samun ruwa da wuri, amma yayyafin da bai zubar da indararo ba bai kai ko milimita biyu ba. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina na shekara tun farkon shekara, da kiyasin lokacin saukar ruwa da ɗaukewarsa a sassa daban daban, kuma a 'yan shekarun nan ana fassara taƙaitaccen bayaninsa da Hausa. Wannan ya kamata a nema wa kawu, ta hannun malamin gona na yankinsu.

Hajiya Rabi, Gusau

Ina gaida iyaye da malamai. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun da aka fara wannan zance nake jiran a zo kan lafiya, domin mu a asibiti wannan gaɓa ta shekara, daga ƙarshen sanyi zuwa saukar ruwa, ita ce lokacin sanƙarau. Busasshiyar iska da ƙura sun riga sun yi watanni suna tsattsage cikin hanci da maƙogwaro, ga zafi ya shigo, ga mutane cunkushe a ɗaki ɗaya, sai ƙwayar cutar ta samu ƙofa. A 1996 sama da mutum 100,000 ne suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. A 2017 kuma nan Zamfara ce ta fi shan wuya, ina cikin waɗanda suka yi aikin, kuma ba zan manta da yadda gadaje suka ƙare muka shimfiɗa tabarmi a baranda ba, muna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin ƙusar da aka kafa a bango. Abin da ya ba mutane mamaki a lokacin shi ne da yawa sun yi rigakafi a baya, amma wancan na nau'in A ne, wanda ya ɓarke kuma nau'in C ne. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ta haɗa nau'i biyar, saboda haka duk inda aka ji ana yi, a kai yara da matasa.

Na ji wasu na cewa tun da an yi yayyafi ai ya wanke cuta. Gaskiya ne sanƙarau yakan lafa idan damina ta zauna iska ta yi laima, amma ba da ɗigon minti ashirin ba. Duk wanda aka ga zazzaɓi mai zafi ya rufe shi farat ɗaya, da ciwon kai mai tsanani, da amai, wuya ya ƙi lanƙwasuwa, ko ba ya son haske, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko a jira gobe, domin sa'o'i kaɗan ke raba rayuwa da mutuwa ko kurumta. Jariri kuma ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, a duba maɗiga ko ta kumbura, da ƙin kama nono, da kuka mara daɗin ji. A buɗe tagogi da dare, a rage cunkoso gwargwadon hali. Tun da kuma a shekarun nan azumi yana faɗowa a wannan tsakani, a yawaita shan ruwa daga buɗa baki zuwa sahur, a kuma sa ido a kan tsofaffi da masu aikin ƙarfi a rana.

Maman Iman, Kano

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ni kaji nake kiwo a bayan gida, kuma a wurinmu labarin ƙaruwar zafi ya fi na ruwa muhimmanci. Watanni biyu da suka wuce gawayi nake hurawa don kada 'yan tsaki su mutu da sanyi, yanzu kuma manyan sun fara buɗe baki suna haki da azahar, fukafukai a sake. Bara na yi ganganci na zuba ɗari uku a Maris, a rana ɗaya na kwashe gawa goma sha bakwai, duk manya waɗanda suka isa sayarwa. Bana rabin haka zan zuba, na sa an shimfiɗa zana a kan kwanon, abinci kuma sai da asuba da bayan la'asar.

Dauda, Bukuru

Ina gaisuwa ga kowa. Mu a kan tudun Jos, da yake mun haura mita 1,200, zafin bai kai naku ba, har yanzu da rigar sanyi muke fita da safe. Abin da muke tsoro a ruwan farko shi ne iska da ƙanƙara, domin yakan zo da fushi, ya yaye rufin makarantu, ya farfasa ganyen kayan lambu. Wanda ke da kwanon da ƙusarsa ta saki, yanzu ne lokacin kiran kafinta, tun kafin layi ya yi tsawo.

Alhaji Ɗanladi, Kura

Malam Nura, akwai abin da nake so ka faɗa mini tsakaninka da Allah. Muna yara, sanyi yakan kai mu har cikin Maris muna jin wuta da asuba, man gyaɗa ya daskare a kwalba sai an ajiye shi a rana. Yanzu kuwa wasu shekarun kafin ka gama jin daɗin bargo an ce hunturu ya tafi. Shin idona ne, ko kuwa da gaske sanyin yana gajarta? Domin in haka ne, noman alkama a ƙasar Kano yana da magana a gaba.

Malam Nura, Zariya

Ranka ya daɗe, ba idonka ba ne kaɗai, amma zan yi taka tsantsan. Shekara ɗaya ba ta zama hujja, domin ƙarfin hunturu yana bambanta sosai daga bana zuwa baɗi, kuma tunanin ƙuruciya yakan riƙe shekarun da suka fi tsanani ya manta da saura. Sai dai ma'aunin shekaru masu yawa ya nuna yankin Sahel yana ƙara zafi, kuma dare ya fi rana saurin ɗumama, wanda shi ne daidai abin da alkama ba ta so. A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, asibitocin Bamako suka cika. A birane kuma akwai ƙarin dalili na kusa, an sare itatuwa, an shafe ƙasa da siminti da kwalta, su kuwa suna shan zafi da rana su yi ta fitar da shi har tsakar dare. Ga mai alkama, abin da ke hannunsa shi ne ya yi shuka kafin Nuwamba ta fita, ko da zai sa ya zaɓi shinkafa mai saurin nuna a damina, ya kuma tambayi irin da ke jure zafi, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ke aiki a kansa.

Baba Mai Tasbaha, Sakkwato

Na gamsu da amsar malamin makaranta a kan hadari mai tsallake gari, domin na sha ganin an yi ruwa a gonar maƙwabcina tawa tana ƙura. A farin 1984 sau uku muka yi shuka, na ukun da irin aro, kuma abin da ya cinye mu shi ne gaggawar bin ruwan farko. Habibu, ka gaya wa kawunka wani tsoho a Sakkwato yana gaishe shi, ya ce ya tona ƙasa da hannu bayan ruwa, in laima ba ta kai tsawon tafin hannunsa ba ya mayar da irin rumbu.

Habibu, Gwagwalada

Na gode ƙwarai, Baba, na gode wa kowa. Na kira kawu bayan magariba na karanta masa saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. Ya yi dariya ya ce shi ma ya san ba a shuka a Maris, so yake in turo kuɗin tun taki bai ƙara tsada ba, ya ga in bai haɗa da maganar ruwa ba ba zan yi sauri ba. Mun daidaita zan aika masa da na taki a ƙarshen wata, na iri kuma sai ya ji daga malamin gona.

Alhaji Ɗanladi, Kura

To, Malam Nura, maganarka ta fito tun ba a yi mako ba. Yau da asuba da na fito masallaci sai na ji iska ta juyo daga gabas, kafin hantsi hazo ya rufe gari har ba a hango motocin da ke kan titin Zariya daga bakin gonata. Yara sun koma neman rigunan sanyin da uwarsu ta riga ta ninke. In ya ba mu ko da kwana biyar a haka, alkamar da na matse ranar nan za ta samu ta ƙara cika. Yanzu haka ruwa ya iso layinmu, na tafi in buɗe wa gona.